Kwanon Kare da Kwanon Yaro

A shekara ta 2023 mutanen Amurka suka kashe dala biliyan 64 da ɗoriya wajen sayen abinci da kayan ƙwalama domin karnuka da kyanwoyi da sauran dabbobin da suke ajiyewa a ɗaka saboda sha'awa. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar sefa ba. A wannan shekara kuma, dukan gudummawar da gwamnatoci da masu taimako suka ba Hukumar Abinci ta Duniya domin ciyar da mayunwata ba ta kai dala biliyan 9 ba, alhali Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 733 ne ke fama da yunwa. Watau abin da ƙasa ɗaya ta zuba a kwanon dabbobinta ya ninka abin da duniya ta zuba a wancan asusu fiye da sau bakwai.

Duk wanda ya ji wannan lissafi zai yi saurin yanke hukunci, ya ce ai maganar ta ƙare, waɗannan mutane sun fi son kare da ɗan Adam. Amma hukuncin da aka yanke da sauri bai cika sauka a kan mai laifin ba. Ya kamata a fara sanin abin da ke cikin kwanon nan, da wanda ya zuba shi, da dalilin da ya sa ake biyansa da tsada haka.

Shekaru aru-aru kare a ƙasar Turai yana cin abin da kare ke ci a ko'ina, watau sauran abincin gida da ƙashi da abin da ya tsinta. Wajen shekara ta 1860 ne wani Ba'amurke mai suna James Spratt, wanda fatauci ya kai shi Ingila, ya fara yin biskit na karnuka domin sayarwa. An ce ya ga karnuka suna wawar busasshen biskit na matuƙan jirgin ruwa, sai dabara ta faɗo masa. Ya haɗa garin alkama da ganyaye da nama, ya gasa, ya riƙa sayar wa masu sukuni da ke kiwon karnukan farauta. A 1922 aka fara sa naman doki a gwangwani a Amurka domin karnuka, gama mota da tarakta sun karɓe aikin dawakai, dokin ya zama ba shi da daraja. Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo ƙarancin gwangwani, aka koma ga busasshen abinci, har a 1957 kamfanin Purina ya baza irin nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake ɗurawa a buhu. Abin lura shi ne, a duk tsawon wannan lokaci kare bai daina cin saura ba. Sauran mahauta da na injin niƙa ne ake tarawa a dafa masa: hanta, huhu, saifa, tumbi, wuya da ƙafafun kaji, dusa da tsakin hatsi.

Maganar lafiya ta shigo ta hanya mai kyau, kuma gaskiya ta wajabta a faɗi haka. A ƙarshen shekarun 1930 wani makaho mai suna Morris Frank yana da kare, Buddy, wanda aka horar domin yi masa jagora. Ciwon ƙoda ya kama dabbar. Wani likitan dabbobi, Mark Morris, ya haɗa abinci na musamman wanda ba zai wahalar da ƙodar ba, shi da matarsa suna dafawa a gida suna ɗurawa a kwalabe. Daga nan ne abincin magani na kamfanin Hill's ya samo asali. Ba wanda zai ce an yi almubazzaranci a nan, gama idon makahon ne ake jiyya. Haka kuma a 1987 masu bincike a Kalifoniya suka gano cewa kyanwoyi masu yawa suna mutuwa da ciwon zuciya saboda abincin gwangwani da na buhu ba shi da isasshen wani sinadari da ake kira taurin, wanda kyanwa ke samu daga nama. Aka ƙara shi a abincin, ciwon ya ragu ƙwarai. Wanda ya ɗaure dabba a ɗaki, ya hana ta fita neman ɓera, ya ɗauki alhakin cikinta. Littafin Karin Magana ma ya sa kula da ran dabba cikin halayen adali.

Abin da ya juya kasuwar shi ne tsoro. A watan Maris na 2007 wani kamfani na Kanada, Menu Foods, ya janye gwangwani da ƙunshi wajen miliyan 60 daga kantuna, bayan karnuka da kyanwoyi sun fara mutuwa da ciwon ƙoda. Bincike ya nuna garin da aka sayo daga ƙasar Sin an gauraya shi da melamin, sinadarin da ake yin farantan roba da shi. Dabarar mugunta ce mai sauƙi. Awon da ake yi wa gari ba ya auna abin gina jiki kai tsaye, yana auna naitrojin ne da ke cikinsa, melamin kuwa cike yake da naitrojin. Sai a zuba shi a gari mai araha, awo ya nuna kamar mai kyau ne. Dubban mutane suka kai ƙara cewa dabbobinsu sun mutu. To, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Shekara ɗaya bayan haka, a 2008, aka sami wannan melamin a madarar jarirai a can ƙasar Sin. Gwamnatin ƙasar ta ce jarirai wajen 300,000 suka kamu, shida suka mutu. Hannun da bai ji tsoron sa guba a kwanon kare ba, bai tsaya a nan ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi hattara da cewa abin da ya sami dabba bai shafe shi ba.

Bayan 2007 masu karnuka suka fara karanta rubutun jikin buhu kamar yadda uwa ke duba maganin ɗanta. 'Yan kasuwa kuwa suka gane inda ciwon yake. Aka fito da abinci iri-iri: wanda aka ce ba hatsi a cikinsa, wanda aka ce ba kayan ciki, wanda aka ce ɗanyen nama ne zalla, da wanda aka ce an dafa shi da irin naman da mutum zai ci, ana ajiye shi a firiji, ana kawowa har ƙofar gida da sunan karen a jikin leda. Kayan ƙwalama ma suka zama magani: wannan na haƙori ne, wannan na gaɓoɓi, wannan na gyaran ciki, wannan na kwantar da hankalin kare sa'ad da uban gidansa ya tafi aiki. Manyan kamfanonin abincin mutane suka shiga da ƙarfinsu. Nestlé ya sayi Purina tun 2001 a kan dala biliyan 10 da 'yan kai. General Mills ya sayi Blue Buffalo a 2018 a kan wajen biliyan 8. Mars, mai yin alewa da cakulan, shi ne mai Pedigree da Whiskas da Royal Canin, kuma a 2017 ya sayi ɗaruruwan asibitocin dabbobi a kan wajen biliyan 9. Mai sayar da abincin shi ne kuma mai ɗakin da ake zuwa neman shawara a kan abincin. Ba lalle ne likitan da ke aiki a wurin ya yi ƙarya ba, amma mai saye yana da dalilin buɗe ido.

Kare dai ba ya karatu, ba ya kallon talla, ba ya riƙe kuɗi. Duk rubutun da ke jikin buhun nan da hoton gasasshiyar kaza da karas, ba domin shi aka yi su ba. Domin mai shi aka yi. Abin da ake sayarwa a gaskiya shi ne kwanciyar rai, a gaya wa mutum cewa shi mai kula ne, bai yi sakaci ba. A wani bincike na 2023 kusan dukan masu dabbobin ɗaka a Amurka suka ce dabbar tana cikin iyalinsu, rabinsu kuma suka ce matsayinta daidai yake da na mutum a gidan. Wanda ke ganin kare kamar ɗansa, in aka ce masa abinci mai araha zai rage kwanan ɗan nan, ba zai tsaya ciniki ba.

Tambaya ta farko ke nan: ashe tsadar tana amfanin karen? Ana buga hoton kyarkeci a jikin buhu, a ce kakan kare bai taɓa cin hatsi ba, saboda haka hatsi cuta ne gare shi. Amma a 2013 masana a jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka nuna cewa jikin kare ya sha bamban da na kyarkeci daidai a wannan wuri. Zaman dubban shekaru tare da manoma ya sa cikinsa ya iya narkar da tsaba. Kowace tsohuwa da ta taɓa jefa wa kare ƙanzo ta san haka ba tare da jami'a ba. A wurin hatsin da aka cire, sai aka cika buhu da waken Turawa iri-iri da dankali, gama dole a sami abin da zai riƙe ƙwayar. A watan Yuli na 2018 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta sanar cewa tana binciken rahotannin ciwon zuciya a karnukan da ke cin irin wannan abinci. A ƙarshen 2022 ta ce rahotannin ba su isa su tabbatar cewa abincin ne sanadi ba. Ba a kama shi da laifi ba ke nan, amma kuma ba a taɓa nuna cewa yawancin karnuka suna bukatarsa ba tun farko. Shi kuma Blue Buffalo, wanda ya yi suna da cewa ba ya sa garin sauran kaji, an kai shi kotu a 2014, aka sami garin a cikin waɗansu kayansa. Ya ce mai kawo masa kaya ne ya yaudare shi, ya yarda ya biya masu saye dala miliyan 32.

Babban ciwon karnukan ƙasashen nan kuwa ba rashin abinci mai kyau ba ne. Ƙiba ce. Wata ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta ƙiyasta a 2022 cewa wajen shida cikin kowane goma na karnuka da kyanwoyin ƙasar sun wuce nauyin da ya dace da su. Akwai kuma wani gwaji da kamfanin Purina da kansa ya yi, aka buga sakamakonsa a 2002. Aka ɗauki karnuka 48 iri ɗaya, aka raba su biyu, aka rage wa rabi kashi ɗaya cikin huɗu na abincin da 'yan'uwansu ke ci, aka bi su har mutuwarsu. Waɗanda aka rage wa suka fi sauran daɗewa da kusan shekara biyu, ciwon gaɓoɓi kuma bai kama su da wuri ba. Maganin da ya fi kowane ƙarfi ashe kyauta ne, har ma da canji. Sai dai ba mai kanti da zai buga tallar a rage saye.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta nama. Muddin kare yana cin abin da mahauta suka rage, bai ɗauki kome daga bakin kowa ba, ya ma hana a zubar da shi. Ko da yake a nan ma akwai abin dariya, gama abin da Ba'amurke ke ƙyama ya kira saura, watau hanta da ƙoda da tumbi da kai da ƙafa, shi ne abin da ake layi a saya da safe a kasuwar Maraɗi ko Garwa ko zangon Kumasi, a yi farfesu a kai wa mai jego. Likitocin dabbobi kuma sun san kayan ciki sun fi tsoka amfani ga jiki ta fuskoki da yawa. Amma sa'ad da aka koya wa mai kare ƙyamar kayan ciki, aka ce sai tsokar ƙirjin kaza da cinyar rago, to, dole a ƙara kiwo, a ƙara yanka, a ƙara noma masara da waken soya domin ciyar da abin yankan. Wani malamin jami'a a Los Anjelis, Gregory Okin, ya lissafa a 2017 cewa da karnuka da kyanwoyin Amurka ƙasa ce mai zaman kanta, da ita ce ta biyar a duniya wajen cin nama. Waɗansu masana sun ce lissafin ya yi yawa domin bai ware saura daga tsoka yadda ya kamata ba. Ko da haka ne, kowane mataki da kasuwar ta ɗauka daga saura zuwa tsoka yana matso da lissafin kusa da gaskiya. A labarin macen nan Bakan'aniya da ta roƙi Yesu saboda 'yarta, da ita da shi sun ɗauki abu ɗaya a matsayin sananne ga kowa: karen gida yana da rabonsa, amma daga abin da ya faɗo bayan 'ya'ya sun ci. Sabuwar kasuwar nan tana ɗauko karen daga ƙarƙashin tebur ta zaunar da shi a kan kujera, shi kuwa bai roƙa ba.

Sai a dawo kan lissafin farko. Akwai wani abincin lafiya na dabam, wanda aka ƙirƙira a Faransa a 1996, ana kiransa Plumpy'Nut. Tunkuzar gyaɗa ce mai laushi da madarar gari da sukari da mai da bitamin, a cikin 'yar leda da yaro zai tsotsa ba sai an dafa ba. A yunwar 2005 a Nijar ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta yi jiyyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani, yawancinsu a jihar Maraɗi, da irin wannan abinci, uwaye suna ba su a gida. Katan ɗaya mai leda 150 yakan isa a ceto yaro ɗaya cikin mako shida zuwa takwas, kuɗinsa kuma wajen dala 40 zuwa 50 ne. Dafaffen abincin nan da ake kawo wa babban kare har gida yakan wuce dala 100 a wata.

Mai kare yana da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Zai ce kuɗinsa ne, da guminsa ya samo. Zai ce in bai saya wa kare ba, ba Maraɗi kuɗin za su tafi ba, sabuwar waya za su zama ko tafiyar hutu, kuma ba wanda ke tsare mai sayen waya da tambayar yaran tamowa. Zai ce yunwar duniya ba ta rashin abinci ba ce, ta yaƙi ce da fari da mugun mulki da tsadar hanya, abin da ba za a warkar da shi ta wurin rage kwanon kare ba. Duk wannan akwai gaskiya a ciki. Marigayi Paparoma Faransis ya jawo surutu a Janairu 2022 sa'ad da ya zargi ma'auratan da ke zaɓen kare da kyanwa a maimakon 'ya'ya da sonkai. Waɗanda suka ji zafin maganar ba duka ne masu sonkai ba. Akwai wadda ta nemi haihuwa ba ta samu ba, akwai tsohon da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna wani gari mai nisan kwana biyu a mota, ba mai gaishe shi da safe sai wannan dabba. A ƙasar da maƙwabci ba ya leƙa maƙwabci, kare yana yin aikin da jikoki da 'yan zaure ke yi a wani wuri. Kafin a tuhumi tsohon, sai a tuhumi waɗanda suka bar shi shi kaɗai.

Annabi Natan ya taɓa ba Sarki Dawuda labarin wani matalauci mai 'yar tunkiya guda, wadda take ci daga abincinsa, take sha daga ƙoƙonsa, take kwana a jikinsa kamar 'yarsa. Annabin bai ga aibi a wannan ƙauna ba ko kaɗan. Fushin labarin duka ya sauka a kan mai garke da ya ƙwace ta. Haka a misalin mai arziki da Li'azaru, karnukan da ke wurin ba su ne masu laifi ba, su ne ma kaɗai suka kusanci miskinin. Ba a kuma ce mai arzikin ya saci abin da yake ci ba. Abin da aka riƙe shi da shi shi ne, akwai mutum kwance a ƙofarsa yana marmarin ɓarɓashi, shi kuwa yana shiga yana fita.

Saboda haka amsar mai kare ta kare shi daga zargi ɗaya, ta bar shi a gaban wani. Ba laifi ba ne ya ciyar da dabbarsa ta ƙoshi da abin da zai riƙe lafiyarta, wajibi ne ma. In ciwo ya kama ta, likita ya rubuta abinci na musamman, wannan magani ne. Wurin tambaya shi ne tazarar da ke tsakanin abin da ya ishi kare da abin da talla ta ce a saya, gama wannan tazara ba ta ƙara wa karen kwana, wani lokaci ma ragewa take yi. Cewa kuɗin da waya za su tafi ba hujja ba ce, shaida ce kawai cewa mutumin ya riga ya yanke ba zai bayar ba. Maganar nisa kuma ba ta tsaya da ƙafafunta ba, domin ba sai an je Afirka ba. Ma'aikatar Gona ta Amurka ta ce a 2023 mutum wajen miliyan 47 a cikin ƙasar suna zaune a gidajen da abinci ke yanke musu ko suke fargabar yankewarsa. Mai turo keken kanti cike da dafaffen naman kare yakan wuce waɗansunsu a bakin ƙofar kantin.

Laifi kuwa tudu ne. Mai karatu da ke girgiza kai saboda Turawa da karnukansu ya san gidan da doki ke cin dawa da kanwa alhali yaron da ke yanko masa ciyawa yana jiran ƙanzo. Ya san bikin da aka yanka sa aka zubar da shinkafa, a unguwar da wata gwauruwa ta kwana uku ba ta ɗora tukunya ba. Ya kuma san ɗaya gefen, inda ake ɗaure kare a rana ba ruwa, yara suna jifarsa manya suna dariya. Wanda ya shagwaɓa dabba har ta kasa tafiya da wanda ya bar ta da ƙishi, ba ɗayansu da ya tsaya ya dubi abin da ita dabbar take bukata.

Akwai wata ƙungiya a Amurka mai suna Meals on Wheels, wadda masu aikin sa kai nata ke kai dafaffen abinci gidajen tsofaffi da marasa ƙarfi waɗanda ba su iya fita ko girki. Ga da yawa cikinsu wannan kwano ne babban abincin yini. Masu kai abincin suka lura cewa waɗansu tsofaffin ba su cinye rabonsu, suna raba shi biyu ne su ba kare ko kyanwa, gama kuɗin fansho bai kai na abincin dabba ba, su kuwa ba za su ci tana kallo ba. Aka yi musu magana, ba su daina ba. Daga baya rassa da yawa na ƙungiyar suka fara ɗaukar buhun abincin dabba a motar tare da kwanon mutum, irin na kullum mai araha, domin ta haka ne kaɗai suka sami tsohon ya cinye nasa.